Godiya ga waɗanda suka tono ƙanena daga ƙarƙashin dusar ƙanƙara

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, an sallamo ƙanena daga asibiti, yana nan wurina a Zurich. Ƙafar hagu ta karye, haƙarƙari ma ya tsage, amma yana cin abinci, har ya koma tsokanar yarana.

Ga waɗanda labarin ya iske a gutsure: ranar Asabar ya fita wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da abokan karatunsa a tsaunukan yankin Graubünden, kusa da Davos. Ba filin da ake gyarawa da mota ana sa ido a kai suka je ba, can bayan dutse suka hau da ƙafarsu. Yana cikin gangarowa sai dusar ta tsage a samansa, faifai guda ya ɓalle ya tafi da shi, ya binne shi baki ɗaya.

Godiyata ta farko, bayan ta Allah, ga yaran nan da ke tare da shi. Kowannensu na ɗaure da 'yar na'urar da ke aika sigina daga ƙarƙashin dusa, ga doguwar sandar lalube da shebur a jaka, kuma sun yi atisayen amfani da su tun farkon hunturu. Sun kuma bi ƙa'idar sauka ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa shi kaɗai ta kwasa, aka samu masu tono. Binciken da aka yi a nan Suwizalan ya nuna cewa wanda aka ciro cikin minti 15 na farko, fiye da kashi 90 cikin 100 suna rayuwa, amma zuwa minti 35 adadin ya sauko zuwa kusan kashi 30, domin numfashi ke ƙarewa. Jirgin ceto komai saurinsa da wuya ya riski wannan lokaci. Hannun yaran nan ne ya share masa baki da hanci kafin a ji ƙarar jirgi. Ɗaya daga cikinsu, wata yarinya 'yar firit, ta yi ta haƙa har tafinta ya sale. Ni dai ban san da me zan saka mata ba.

Ina godiya ga ma'aikatan Rega, masu jirgin ceto mai saukar ungulu da ake kira ta lamba 1414, da likitoci da nas-nas da suka ɗumama jikinsa a hankali suka ɗaure ƙafar.

Da yawa kun tambaye ni ko ba a yi gargaɗi ba. An yi. Cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke Davos tana fitar da rahoton haɗarin zaftarewar dusa safe da yamma duk hunturu, a kan ma'auni mai mataki 5, kuma ranar tana mataki na 3. Mutane na raina 3 don tana tsakiya, alhali kusan rabin mace-macen a wannan mataki suke faruwa. Matsalar tana ƙasa inda ido ba ya gani: tsohuwar dusa da sanyi ya mayar tsaba-tsaba kamar sikari, ba ta riƙe komai, sai iska ta kwaso sabuwa ta danƙara a kanta. A gangaren da ya wuce digiri 30, nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya ta.

Hajiya tana ta tambaya daga Kano, wai me ya kai shi bayan dutse cikin wannan sanyi? Nima ina da wannan tambayar, na ajiye masa ita sai ƙafa ta warke.

Baffa da ya tara mutane aka yi saukar Alƙur'ani a gida, maƙwabta da suka zauna da Hajiya daren da ba mu san halin da ake ciki ba, da 'yan uwanmu Hausawa na nan da suka riƙa kawo abinci asibiti suna karɓar yarana daga makaranta, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Likita ya ce ya rage dogon magana saboda haƙarƙarin, don haka wanda ya kira bai ɗauka ba ya yi haƙuri. A turo saƙo ta wayata, ina karanta masa da yamma.