Alamar da ban duba ba a gaban ziro

Har yau in na tuna sai raina ya sosu, don abin da ya cinye min sati biyu ba wani lissafi ba ne mai wuya. Alama ce guda ɗaya.

Amfilifaya ce, wato da'irar lantarki mai ƙara ƙarfin sigina, mai hawa biyu, da kafasitar Miller (wadda ake sa wa don hana da'irar karkarwa) ta pikofarad 2 tsakanin hawan farko da na biyu, tana tura lodin pikofarad 3. Na sa SPICE, manhajar kwaikwayon da'ira a kwamfuta, ta fitar min da pol-pol da ziro, wato firikwansin da martanin da'irar ke lanƙwasa ƙasa (pol) ko sama (ziro), ta zubo lambobi. Babban pol yana can ƙasa inda ya dace, na biyu yana wajen megahaz 16, sai ziro ɗaya a wajen megahaz 24. Na tuna na raba da 2π, tunda a radiyan cikin daƙiƙa ta ba ni su, har ina jin kaina gwani. Gen, wato yawan ninkin da take yi wa sigina, yana sauka zuwa ɗaya a kusan megahaz 8. Na yi lissafi a ka: daga digiri 90 da babban pol ya bari, pol na biyu zai ci digiri 27, ziro zai maido 18, ke nan rarar kusurwa, wato tazarar da ke kare da'ira daga karkarwa, ta haura 80. Na rufe kwamfuta da murna.

Da na gwada ta da siginar tsalle, wato wadda ke haurawa farat ɗaya, fitowar ta zarce da kusan kashi 20 cikin ɗari, tana karkarwa kafin ta zauna. Maimakon in koma kan lambobin nan, sai na kama zargin komai: wutar bayas, samfurin taransista, har saitin manhajar. Daga baya na ninka kafasitar zuwa pikofarad 4. Karkarwar ta ragu, amma rabin gudun da'irar ya tafi, kuma wurin da na ware mata a zane bai ishe ta ba. Nan fa kwanaki suka yi ta zurarewa.

Wani babba a wurin aikinmu ne ya leƙo allona, bai yi minti ɗaya ba ya ɗora yatsa. "Malam, ina alamar ragi a gaban wannan?" Babu. Duk pol ɗin suna da ita, ziron kaɗai ba shi da ita. Yana ɓangaren dama ne na filin s, wato taswirar da ake jera pol da ziro a kai, masu ragi a hagu, marasa ragi a dama. Ni girman lambar kawai na karanta.

Irin wannan ziro munafuki ne. A zanen gen yana ɗaga layi kamar ziro na hagu, ba ka bambance su, amma a kusurwa ja baya yake yi kamar pol. Digiri 18 da na ƙara, cirewa ya kamata in yi, rarata ta gaskiya ba ta kai 50 ba. Dalilinsa ma a fili yake: a firikwansi mai yawa sigina na bi ta cikin kafasitar kai tsaye zuwa mafita, ba tare da juyin da hawa na biyu ke yi mata ba, sai hanyoyin biyu su yi ta soke juna. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, ziron yana zaune a gm2 bisa Cc, gudun da'irar kuma gm1 bisa Cc, inda Cc ke nufin kafasitar Miller ɗin, gm1 da gm2 kuma ƙarfin taransistar hawan farko da ta na biyu wajen juya boltej zuwa karent. Ka ƙara kafasita, su biyun su sauko tare, ninkin da ke tsakaninsu bai canza ba. Ashe sati biyu ina jifan gafiyar Ɓaidu.

Maganin bai wuce rezista ɗaya a jere da kafasitar ba. In ta kai 1 bisa gm2, wato kusan kilo-om 3.3 a tawa da'irar, ziron ya ɓace can nesa, in ta ɗara haka ya tsallaka hagu ya fara taimako. Na maida kafasitar pikofarad 2, rara ta dawo kusan digiri 65. Kada ka yi kwaɗayin ɗora shi daidai kan pol na biyu don su kashe juna, zafi da sauyin lodi za su raba su. Ni dai na maye rezistar da taransista mai bin sawun gm2, na sake gwadawa a sanyi da zafi, ziron bai koma dama ba.