Motar haya zuwa Abha

Yau bayan la'asar ina zaune a tsakar gida nan Jidda ina ta lissafin motar hayar da za mu ɗauka zuwa garin Abha da ke kudancin Saudiyya, mu hau ta dutsen Hada mu gaisa da birai, mu kwana Ɗa'if, sannan Baha, sai ƙauyen Rijal Alma. Ina ta mita wai sama da kilomita 600 ga inshora ga kuɗin mai, sai Kaka ta leƙo wayata ta ce "kai ɗan nan, iyayena daga Kano da ƙafa suka ratso Chadi da Sudan har Sawakin da ke bakin Bahar Maliya, ni a hanya aka haife ni."

Wallahi shiru na yi. Kujerar gaba dai tata ce in sha Allah.