Yadda Lamba 429 Ta Tsayar Mini da Aiki a Birnin Kebbi

A daminar bara wata ƙungiyar manoman shinkafa a Birnin Kebbi ta ɗora mini aikin tattara bayanan ruwan sama na fadamun Argungu, Suru, Bagudo da Yauri. Na yi amfani da API, wato ƙofar da manhaja ke bi ta nemi bayanai kai tsaye daga rumbun wani kamfani. Na rubuta ƴar manhajar da za ta tambayi kowace gona ɗaya bayan ɗaya, na sake ta, na tafi sallar La'asar.

Da na dawo, sai na tarar aikin ya tsaya tun kafin ya kai rabi, allon kuma cike da lamba 429. Wannan lamba, wadda aka shigar cikin ƙa'idojin intanet a 2012, ma'anarta ita ce buƙatun mutum sun yi yawa cikin ɗan lokaci. Kuskurena na farko ke nan, sakin manhajar tana ta tambaya ba jinkiri. Na biyu ya fi shi muni, domin na sa manhajar ta riƙa sake tambaya nan take duk lokacin da aka ƙi ta, alhali a cikin amsar ƙin akwai adadin daƙiƙun da aka ce in jira, ni ne ban duba ba.

Sai da na zauna na karanta sharuɗɗan kamfanin na gane iyaka biyu ce: ta gudu, wato buƙatu nawa a minti, da ta yini, wadda idan ta ƙare sai gobe. Goben ma ba tamu ba ce, don lissafinsu na sabuntawa ne da tsakar daren agogon GMT, ƙarfe ɗaya na dare ke nan a Najeriya. Wannan ba baƙon abu ba ne a harkar. GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke adana ayyukansu, na bai wa mai rajista buƙata 5,000 a awa, marar rajista kuwa 60 kacal.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne yawancin buƙatuna maimaici ne. Gonaki masu maƙwabtaka a fadama guda amsa ɗaya ake ba su, ruwan da ya sauka a watan jiya kuma ba ya canzawa, amma kullum sai na sake nemansa. Na koma adana duk abin da na karɓo a kwamfuta, na haɗa gonakin rukuni-rukuni, sannan idan aka ƙi ni manhajar ta jira daƙiƙa ɗaya, sai biyu, sai huɗu, tana ninkawa. Na kuma sa ta riƙa rubuta inda ta tsaya, saboda a nan ɗauke wuta ko yankewar intanet na iya mayar da mutum farko, ya ƙone kason yini a banza.

Shugaban ƙungiyar ya tambaye ni ko mu biya kuɗi a ƙara mana kaso. Na ce masa, "Alhaji, a bari tukuna." Har aka yi girbi ba mu sake cika kason yini ba.