Sakin Layin da Na Ɗauka Nawa Ne

Laraba, da dare.

Yau da safe na karɓi babi na biyu na kundin digirina daga hannun malamin da ke duba aikina, kuma tun kafin in zauna na hango jan biro ya zagaye wani sakin layi a shafi na 14. A gefe ya rubuta tambaya ɗaya tak: "Maganar wa ce wannan?" Na ce, "Malam, ai tawa ce," kuma har ga Allah haka na yi imani a lokacin. Bai ja da ni ba, sai dai ya ce in je in duba littafin da nake tattara bayanai a ciki.

Da na buɗe littafin, sai ga jimlolin nan huɗu da rubutun hannuna. Na kwafo su ne daga wata maƙala watanni biyar da suka wuce, ban sa musu alamar zancen wani ba, ban rubuta sunan marubucin ko lambar shafi ba. Yau da gobe idona ya saba da su har na ɗauka daga kaina suka fito. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne kalmomi biyu ko uku da na sauya lokacin bugawa, domin wannan kwaskwarima ba ta fitar da ni daga satar fasaha ba, tunda tunanin da ginin jimlar duk na mai su ne.

Abokan karatuna ba su da zance sai na kason da Turnitin, manhajar da ake duba satar fasaha a rubutu da ita, za ta nuna, alhali ita kamanceceniyar kalmomi kawai take ganowa, ba ta san wanda ya ari tunanin wani ya sake masa riga ba. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne irin daɗewar da wannan laifi yake yi bai ruɓe ba. Shugaban ƙasar Hungary, Pál Schmitt, ya sauka daga mulki a 2012 saboda kundin da ya rubuta tun 1992, shekara guda bayan ministan tsaron Jamus, Guttenberg, ya rasa digirinsa da kujerarsa a kan irin wannan.

Da yamma na sake rubuta wurin. Na karanta maƙalar sau biyu, na rufe ta, na rubuta abin da na fahimta da kalmomina, sannan na gwada da na asali, na kuma ambaci marubucin da shekara da shafi, domin fahimtar tawa ce amma ra'ayin nasa ne. Jimla ɗaya da na kasa faɗa fiye da yadda ya faɗe ta, na bar ta yadda take cikin alamar zancen wani.

Na bi sauran littafin shafi-shafi, na tarar da bayanai tara da ban san inda na samo su ba. Gobe zan je laburare in nemi asalinsu, wanda ban gano ba kuwa zan cire shi daga babin.