Bayan sanƙarau, a auna jin yaro tun da wuri

A ƙauyukan Jigawa da Kano lokacin zafi ne sanƙarau ke tashi. Yaro ya kwanta, Allah ya tashi kafaɗunsa, a yi ta barka. Sai an kwana biyu uwa ta lura in an kira shi ta baya ba ya waiwayowa, a ce ai taurin kai ne. Sau da yawa ciwon ne ya taɓa can cikin kunne, wani ɗan sashi mai siffar katantanwa da ke karɓar sauti.

Dalilin gaggawar shi ne, bayan sanƙarau ƙashi kan fara tsirowa a cikin katantanwar nan, wani lokaci cikin 'yan makonni. In ta toshe, zura wayar na'urar da ake dasawa a kunne ta hanyar tiyata don yaro ya samu ji sai ya yi wuya. Don haka kafin a sallame ku, ku nemi takardar zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Kada a wuce wata guda.

Likita zai fara leƙawa da fitila, domin datti ko mugunya kawai na iya rage ji, kuma wannan magani ake yi masa. Ƙaramin yaro ana manna masa wayoyi a goshi da bayan kunne yana barci, gwajin ABR ke nan. Yaron da ya ɗan girma kuwa ɗaki marar hayaniya ake sa shi, ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Wanda sai ƙara ta haura desibel 90 a ma'aunin ƙarfin sauti yake ji, na'urar ƙara sauti da ake maƙalawa ba kasafai take isarsa ba. Nan ake maganar dashe, bayan an ɗauki hoton CT da MRI an ga jijiyar ji na nan.

Na'urar dashen kashi biyu ce. Ɗaya ana binne ta ƙarƙashin fata a bayan kunne, ɗayar tana waje, maganaɗisu ke riƙe ta. Ba a kunnawa sai bayan mako 2 zuwa 4, kuma ranar ba magana yaro zai fara ba. Saiti ne da koyon magana na watanni, ga kuɗin mota zuwa birni.

A karkara abin da ya fi kashe ta rashin caji ne, sai zufa da ƙurar hunturu. Gidan da ba sola ya yi wannan lissafi tun kafin tiyata, don tsadarta ba a ɗakin tiyata take ƙarewa ba. Kafin a samu hali, a ci gaba da yi wa yaro maganar hannu. Man ja da gashin kaza kuwa a raba su da kunnensa.