Ciwon mara a gefe ɗaya, da yadda aka gano inda cikina ya zauna

A Aboabo, kamar sauran zangunan Kumasi, mace ba ta faɗin tana da ciki, sai dai a gani. In ta daina shan kokon safe, ko ta fara tofar da yawu a bayan shago, tsofaffi su kalli juna su yi murmushi. Awo kuwa sai an kai wata uku ko huɗu, saboda kunya da gudun bakin mutane. Ban ƙi kunya ba, da ita aka raine ni. Sai dai watannin nan da muke rufa-rufa, a cikinsu ne cikin da ya zauna a wajen mahaifa yake nuna kansa, yawanci tsakanin mako na 4 da na 12.

Abin da ya sa na san wannan, yayata ce. Shekarun baya ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida tana wanki, babu wanda ya san ta yi ɓatan wata, har mijinta. Da aka kai ta asibitin Komfo Anokye ne aka gane ƙwan ya maƙale a bututun mahaifa, ya girma har bututun ya fashe, jini yana zuba a ciki. Aka yi mata tiyata a daren, aka cire bututun, aka yi mata ƙarin jini. Abin da ta fi tunawa shi ne ciwon kan kafaɗa, wanda ta ɗauka nauyin bokiti ne. Ashe jinin da ya taru ne yake taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ciwon kuma ya fito a kafaɗa.

Saboda haka da tsinken gwajin da na saya a kemis ya nuna layi biyu, murnata ba ta daɗe ba. Marata ta dama ta fara tsunkula, ta zo ta tafi. Wata safiya kuma na ga ɗan ɗigo ruwan ƙasa a kamfai. Nonuwa sun yi nauyi, ga kasala, ga fitsari kamar an kunna famfo. Ina kan keken ɗinki amma hankalina yana kan mara: wannan na yanzu ya fi na ɗazu? Ya koma hagu ne ko yana nan? Tsinken ba zai raba gardama ba, domin ciki ko a ina ya zauna layi biyu zai nuna.

Na fara zuwa wani wurin hoton ciki mai zaman kansa. Mai na'urar ya shafa mini man nan mai sanyi, ya goga a kan cikina, ya ce bai ga komai a mahaifa ba, in dawo nan gaba. Ya karɓi kuɗinsa, ya kira na gaba. Ga mai irin tarihin gidanmu, wannan magana ta fi ciwon zafi. Har yau ina ganin bai kyauta ba, domin jimla biyu na bayani da sun wadatar.

Bayanin a wajen ungozomar asibitin gwamnati na same shi, wata dattijuwa 'yar Asawase da ta juya zuwa Hausa da ta ga yaren Twi ɗina yana tuntuɓe. Ta tambayi ranar da al'adata ta ƙarshe ta fara, domin daga nan ake lissafi, ta juya ɗan faifan kwalinta na lissafin makonnin ciki ta ce, “'Yata, ko mako biyar ba ki cika ba. Me zai gani ta saman ciki?” Hoton da ake yi ta gaba, wato a sa na'urar ta cikin farji, ya fi gani da wuri, kuma ko shi sai wajen mako na 5 yake nuna 'yar jakar da ɗan tayi ke zama a ciki, bugun zuciya kuwa sai wajen mako na 6. Rashin ganin komai kafin nan bai nuna lafiya ba, bai kuma nuna matsala ba.

Duk da haka ba ta sallame ni da “babu komai” ba, abin da ya sa na yarda da ita ke nan. Ta haɗa ni da likita, ya danna cikina, ya auna hawan jini da bugun jijiya, ya yi tambayoyi: na taɓa ciwon sanyin da ya hau mara, an taɓa yi mini tiyata a bututu, ina da robar tazarar haihuwa a mahaifa, ina shan taba? Waɗannan ne ke ƙara haɗarin, tare da wani babba, wato mace ta taɓa yin irin cikin a baya. Amma ya ce mata da yawa da abin ya sama ba su da ko ɗaya. A cikin ciki 100, kusan 1 zuwa 2 ne ke zama a waje, kuma fiye da kashi 90 na waɗannan a bututu ne.

Sai ya rubuta gwajin jini na hCG, sinadarin da jiki ke fitarwa in an samu ciki, sau biyu, tsakaninsu awa 48. A cikin da ke tafiya daidai, adadin yakan kusa ninkawa a wannan tazarar. In ya tsaya cak ko yana hawa da ƙyar, sai a ƙara sa ido. Jiran nan ya yi mini tsawo. A nan na gaya wa maigida da Yaya, kuma likitan ne ya nace. Ya ce wani a gida ya san halin da ake ciki, domin wadda ta suma ba ta iya bayani. Ya lissafa abin da in na gani kada in jira gari ya waye: ciwo mai tsanani a gefe ɗaya da ba ya sauka, ciwon kan kafaɗa, jiri ko suma, gumi mai sanyi, zubar jini da ke ƙaruwa, ko zafi mai tsanani wajen bayan gida. A nemi mota ko a kira lambar gaggawa 112, ban da jiƙo, ban da maganin kashe ciwo daga kemis. Yaya ta kwaso tabarmarta ta dawo ɗakina.

Adadin ya hau yadda ake so. Da aka sake hoton ta gaba, ga 'yar jaka baƙa a tsakiyar mahaifa, da wani ɗan zobe fari a cikinta. Likitan ya matsar da na'urar dama ya nuna mini wani ƙullin ruwa a ma'ajiyar ƙwai, inda ƙwan ya fito. Shi ke samar da sinadarin da ke riƙe ciki a farko, yakan ɗan yi ciwo a gefensa, kuma yakan baje da kansa. Tsunkulin ke nan. Ɗigon jini kaɗan ma mata da yawa na ganinsa a farkon ciki lafiya lau, amma a gaya wa ungozoma, ita za ta tantance.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bambancin da lokaci ke kawowa. In an gano cikin bututu kafin ya fashe, wani lokaci allurar methotrexate mai tsayar da girman cikin kawai ake yi, ko tiyatar ƙaramin rami, ba a kai ga neman masu ba da jini da tsakar dare ba. Cikin dai ba ya rayuwa, ba a kuma iya mayar da shi mahaifa, duk mai cewa yana da maganin da zai “gyara masa zama” yaudara ce. Kuɗi ma ba hujja ba ne sosai, tunda tun 2008 ake yi wa masu ciki rajistar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, kyauta, ko da yake wasu gwaje-gwajen sai ka sa hannu a aljihu.

An ba ni littafin awo da ƙwayoyin folik asid, aka sa mini ranar dawowa. Laulayi na gaske sai bayan nan ya sauko, har warin wake da shinkafar maƙwabciya ya koma abin gudu. Yaya kuwa, da bututunta ɗaya ta haifi yara biyu, kuma a kowanne tun mako na 6 ake yi mata hoto, domin wadda ta taɓa yi tana da haɗarin kusan 1 cikin 10 na maimaitawa.