Godiya bayan jinyar Baba

Assalamu alaikum. Jiya Baba ya taka da ƙafarsa zuwa masallacin Juma'a, karon farko cikin wata bakwai. Alhamdulillahi. A madadin Inna da ƙannena nake wannan rubutu.

Waɗanda suka zo dubiya tun farko sun ga halin da yake ciki: ciki ya kumbura ta hagu, loma uku ya ce ya ƙoshi, gumi kuwa sai Inna ta canza zanen gado tsakar dare. An jiƙa na shawara, an sha rubutu, wasu har sun fara zancen sammu. Da aka auna jini, fararen ƙwayoyin da bai kamata su wuce 11,000 ba sun haura 200,000. Likita ta ce sankarar jini ce, wadda suke kira CML, kumburin kuma saifa ce.

Hydroxyurea ta fara ɗora shi a kai, kafso mai 500mg. Da na je saye mai kemis ya tambaye ni ko mai sikila gare mu a gida, ashe su ma shi ake ba su. Likitar nan ba ta rufe mu ba. Ta ce ba warkarwa yake ba, rage ƙwayoyin yake, in ya yi yawa kuma har masu amfani yake kwashewa, shi ya sa duk mako sai an ɗebi jini. Farcen Baba ya yi baƙi, bakinsa ya fashe, kwana goma koko kaɗai ke wucewa. Ta hana matar ƙanena mai juna biyu ko taɓa kwalin. Allah ya saka mata da alheri, ita da ma'aikatan jinya da suka jure faɗan Baba (kun dai san shi da allura).

Kafson nan ne ya riƙe shi har sakamakon gwajin tabbatar da cutar ya fito, aka tura mu asibitin koyarwa na Ile-Ife inda ake ba da Glivec, maganin wannan sankarar, kyauta. Kawu, kai ka biya kuɗin mota zuwa da dawowa ba tare da an roƙe ka ba. Alhajin da ya sauke mu a Sabon Ife, bai san mu ba bai san asalinmu ba, ya bar mana ɗakinsa kwana huɗu. 'Yan majalisar Baba da suka yi karo-karon kuɗin gwaji, da samarin unguwa da suka ba da jini, Allah ya biya ku.

Baba zai ci gaba da shan magani kullum, a sa shi a addu'a. Masu son zuwa gaisuwa, bayan la'asar ya fi, mai mura kuma don Allah ya dakata tukuna.